Baƙon da Ya Biyo Waƙa

A Rumde Ajiya, gindin darbejiya,
inda Njidda ke cajin wayoyi,
na miƙa tawa na ce, "Cika ta."
Sefa ɗari biyu, waƙa ɗari uku.
Na ce yau Garwa ta yi arha.

Shi ma wani ɗan moto ya tura masa,
ɗan moton daga wani direban Marwa,
direban kuwa, Allah masani.
Ruwan da ya ratsa randa bakwai,
wa zai rantse a kan tsarkinsa?

A cikinsu akwai wata marar suna.
Da na taɓa ta, ba kiɗa, ba murya,
sai tambaya: "Ka yarda?"
Allura na bakina, almakashi na hannuna,
na danna da ɗan yatsa na ci gaba da yanka.

Kwana uku waya na zafi a aljihu
kamar ƙwai da aka tsamo yanzu.
Na ɗora laifin a kan rana.
Ashe baƙo ne ke zaga ɗakuna,
yana karanta sunayen dangina,
yana koyon yadda nake gaisuwa.

Ran Laraba Goggo Dijja ta kira daga Pitowa:
"Yaya ƙafar? An sallame ka?
Na sayar da tunkiyar, kuɗin sun shiga?"
Na dubi ƙafata a kan feda,
lafiyarta ƙalau.

Na duba asusun waya.
Kafin alƙalamin mutum tara,
kuɗin shadda, kuɗin zare,
an share tas kamar tsakar gidan biki.

Mai gyara ya ce sai an wanke ta duka.
Ya wanke ɓarawon, ya wanke waƙoƙi,
ya wanke saƙon muryar Baba na ƙarshe,
daƙiƙa arba'in, yana tari,
yana cewa in rufe shago da wuri.

Ban kai ƙarar Njidda ba.
Da wane baki?
Ni ma na tura wa Hamajoda mai guga,
kyauta, da dariya, har ya yi godiya.

Yanzu keke kaɗai ke mini kiɗa.
Jiya Hamajoda ya leƙo shago,
yana juya wayarsa a tafin hannu.
Ya ce, "Taɓa ka ji.
Kai ma taka tana zafi haka?"