Layi na Goma Sha Tara

Ƙarfe ɗayan dare a Puno.
Sanyi ya taso daga tafki ya zauna mini a yatsu.
Na yafa bargo biyu, na buɗe rajista:
suna talatin da ɗaya,
kowa da ɗan akwatinsa, baki buɗe, yana jiran maki.

Wata bakwai ke nan da aka garƙame makaranta.
Allona yana can bayan kwaɗo
da rabin lissafin da ƙararrawa ta katse.
Ajina ya ƙanƙance ya shige waya.
Kullum ina yi wa baƙaƙen tagogi sallama,
in ce, "Kuna ji na?"
sai zakaran wani gida ya amsa,
ko tukunya, ko jariri,
ko shirun da ban san na wane ne ba.

Rosmeri ta ci sha takwas cikin ashirin, halak ɗinta.
Ubaldo ya ci ashirin cif,
amma na san hannun yayarsa ta jami'a
kamar yunwar cikina.
Na ba shi. Da me zan kama shi?
Ido ne ke tsaron jarrabawa,
ni kuwa idona bai wuce ɗakina ba.

Sai layi na goma sha tara.
Wilfredo Ticona.
Tagarsa ba ta haskaka ba tun watan Mayu.
An ce aikin ubansa ya tsaya,
sun tattara sun koma ƙauye, can saman duwatsu,
inda waya ɗaya ke yi wa mutum shida aiki,
ran kasuwa kuma ta bi uwar gida.
Na kira har lambar ta gaji da ni.
Ga wanda bai zo ba, dokar a taƙaice take,
na kuwa haddace ta.

Shekaranjiya direban wata ƙaramar bas
ya buga mini ƙofa, hanci a rufe,
ya ajiye ƙunshi ya ja da baya taku uku.
Busasshen dankali ne, baƙi, mai tauri kamar tsakuwa.
A ƙarƙashinsa, takarda huɗu da aka yago daga littafi,
suna warin hayaƙi da ulun tumaki.

Jarrabawata ce, ta dawo gida a ƙafa.
Wani ne ya karanta masa tambayoyin ta waya,
iska ta cinye abin da ta cinye.
Ta ɗaya daidai. Ta biyu daidai.
Ta uku ya faɗa rami, ya fito, ya sake faɗawa.
Ta huɗu kuwa a gutsure ta iske shi,
kai babu gangar jiki,
sai yaron nan ya ƙarasa ta da kansa:
idan hawan tudun da ake samun magana awa biyu ne,
batir kuma minti arba'in yake yi a cikin sanyi,
darasi nawa mutum zai ji a mako
in ba a bar tumaki su kaɗai ba?
Ya jera aikinsa layi-layi, ya ja layi biyu ƙarƙashin amsa.
Ɗaya da rabi.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe:
"Malama, ki yi haƙuri da latti."

Kwana tara ya makara.
Na'urar ma'aikata ba ta san tudu ba,
ba ta da hancin jin hayaƙi,
gobe da azahar za ta rufe bakinta.
Shekara ashirin da biyu ina auna 'ya'yan mutane,
yau na rasa ko yaron nake aunawa
ko nisan gidansu da eriya.

Na duba lissafin sau uku da jan biro a hannu.
Babu kuskure.
Tambayar ce ba tawa ba,
ta kuma fi tawa.

Na tashi na jiƙa dankalin, sai ya kwana kafin ya yi laushi.
Na dawo, na hura yatsuna,
na sa sha huɗu a akwatinsa.
A gurbin kwanan wata
na daɗe ina kallon ɗan sandan nan mai ƙyaftawa.
Sannan na rubuta ranar da ya rubuta,
ba ranar da ta iso ba.

Saura sha biyu.
Kare yana haushi wajen tashar jirgi.