A Sake

Wata bakwai da kifewar jirgin Ilu,
ƙasar kaburbura ba ta gama kwanciya ba,
sai ga mota biyu a gindin ɗorawar mashaya,
da janareta, da wayoyi kamar igiyar rama.

Shugabansu yaro ne mai ladabi,
sai da ya tuɓe takalmi ya gaishe ni.
Ya ce, "Baba Jatau, an ce kai ka yi nutso,
ka fito da goma sha ɗaya da hannunka."
Na ce, sha biyu.
Ɗaya goyo ce, ba a ƙirga ta ba.
Ya rubuta.
Na ga ya ji daɗin wannan,
na kuma ga ya ji kunyar jin daɗin.

Hujjarsa ba ta yarwa ba ce.
Ya ce, "Rediyo minti ɗaya ta ba ku,
tsakanin farashin taki da labarin ƙwallo.
In mutanen birni suka gani da ido,
wataƙila a yi muku gada."
Na ce, wataƙila.
Da wataƙila aka shiga jirgin ran nan.

Marka ta yarda tun kafin a gama tambaya.
Ɗanta Sabi'u bai bar hoto ba,
bai kai shekarun katin zaɓe ba.
Ta ce, "A nuna shi, ko da fuskar aro ce."
Tasalla kuwa ta saki asabari,
ta ce daga ciki,
"Na fita takabar miji, ban fita ta kogi ba."
Katanga ɗaya ce tsakaninsu.
Wa zan ce ta yi kuskure?

Aka yanka farashi a ƙofar mai unguwa:
dubu biyu ga mai kuka,
dubu uku ga wanda zai kwanta a tabarma
a rufe shi da zane.
Yaran gari suka yi layi.
Ɗan Ilu ma na cikin layin,
gero ya ƙare a gidansu tun kafin azumi.

Sun ƙara saurayi da budurwa a gaban jirgi,
suna kallon juna, iska na kaɗa gyale.
Ni dai abin da na sani,
buhunan barkono ne, da awaki biyu,
da mata suna gardamar canjin naira hamsin.
Sun mai da Ilu mai haɗama,
yana loda mutane yana lasar yatsa yana ƙirga kuɗi.
Na ce, hadari ne ya taso,
mata suka roƙe shi kada ya bar su a tsallake.
Yaron ya ce, "Baba, labari yana son mai laifi."
Ilu ba ya nan balle ya amsa.
Ni na ɗaure masa haɓa.

Duk da haka na ɗauki filafili,
don babu wanda ya san hanyar ruwan sai ni.
Muka kai daidai inda geza ke karkata,
'yan wasa suka fara ihu,
ihu mai kyau, mai tsawo, wanda aka koya.
Na ran nan gajere ne.
Ruwa ba ya barin a gama kalma.

Sai aka ɗaga murya daga gaɓa:
"Haske bai yi ba. A sake!"

Na sa filafili a cinya.
Jirgi ya bi ruwa da kansa kaɗan.
Suna ta kira, "Baba, juyo, a sake!"
Ina kallon inda na taɓa ƙafar goyon
a ƙarƙashin taɓo, da sanyi kamar randa,
ina jira in ji ko akwai wanda zai faɗi haka
wata bakwai da suka wuce.

An ce fim ɗin zai fito bayan salla.
Marka tana tara kuɗin mota.
Tasalla ta daina ɗibar ruwa a mashayar nan.