Babi na Goma Sha Uku

A Toledo, a layinmu na bayan masana'antar gilashi,
ƙanƙara ta rufe matakala ranar da takardar ta zo.
Wanda ya kawo ta bai ƙwanƙwasa ba,
ya liƙa ta a ƙofa ya juya:
ran sha ɗaya ga Maris za a yi gwanjon gidan.

Shekara ashirin da biyu ina biyan bankin nan,
ban taɓa bari wata ya kwana a kaina ba.
Sai bakwai suka kuɓuce mini,
watannin da Lorna ke kwance ana ɗiga mata magani a jijiya,
masana'anta kuma ta ce tanderunmu ya tsufa, mu ma haka.
Wata bakwai suka haɗiye shekara ashirin da biyu,
ko gyatsa ba su yi ba.

Ofishin lauya na saman shagon wanki,
bene na rawa in injin ƙasa ya tashi.
Bernadette Szymanski ta ture kofin shayinta gefe, ta ce,
"Orville, karyewa ba mutuwa ba ce.
Babi biyu ne a gabanka.
Na bakwai zai share bashin asibiti, amma gida ba lallai ya tsira ba.
Na sha uku zai bar maka makulli,
sai dai shekara biyar aljihunka na hannun kotu."
Na ce ubana ya mutu ba a bin sa ko sisi.
Ta ce, "Ubanka ba ya cikin wannan takarda."

Shafi sittin, kowane layi na tambayar farashi.
Nawa ne gadon? Nawa ne firji?
Zarton ubana, dala sha biyar.
Zoben Lorna, na rubuta ɗari biyu, hannuna ya ƙi ci gaba.
Aka zo kan kare.
Biskit na kwance a ƙafata, idonsa ɗaya ya yi fari.
Na sa masa sifiri,
ita ce ƙarya ɗaya tak da na rantse a kanta.
Babu layin da ya tambayi dokin ƙofar kicin
inda muka zana tsayin Delia da fensir
tun tana iya gwiwata har ta wuce kafaɗar uwarta.

Da ƙarfe huɗu saura na yammacin goma ga wata aka shigar da ƙara.
Washegari mai gwanjo ya tsallake lambar gidanmu.
Wayar da ta yi wata bakwai tana haushi ta yi tsit,
har shirun ya hana ni barci.

Ranar zama da masu bina bashi na goge takalmi,
na haddace bayanin da zan yi wa banki ido da ido.
Kujerarsu babu kowa.
Minti shida aka yi, aka kira na bayana.
Ashe kunyar da na ɗauko a ka kamar dutsen niƙa
ba wanda ya zo karɓarta.

Yanzu ina gadin dare a rumbun kaya.
Kafin albashi ya ga hannuna, wakilin kotu ya yanki rabonsa.
Maƙwabcina Dewitt ya daina tambaya, yana dai share mini ƙanƙara.
Duk ƙarshen wata nakan jefa maɓalli ɗaya
daga gwangwanin ɗinkin Lorna cikin kwalba.
Sittin ake nema.
Jiya na ƙirga, sha tara,
na sake ƙirgawa ko na yi kuskure.

Rufin ɗakin baya ya fara yoyo.
Na sa bokiti, na zauna ina saurare.
Yoyon nawa ne, har yanzu.