Rabin Gora Duk Laraba

Rabin gora duk Laraba,
iyakar abin da take roƙo ke nan,
tsohuwar Fijon da Yaya Gidado ya bar mini.
In ɗaga bonet da sanyin safiya a Tumfure,
in leƙa lagireto kamar mai leƙa rijiyar bazara,
in tarar ruwa ya ja da baya yatsa biyu.

Na shimfiɗa mata kwali ta kwana a kai.
Da asuba na jawo:
sawun ƙadangare, ɗigon baƙin mai guda,
na ruwa kuwa ko alama.
To ina yake zuwa?
Ɓarawon da bai fasa ƙofa ba, a gidan yake kwana.

Sai ran da nake hawan tudu dab da Kaltungo
allura ta miƙe, ta wuce rabi,
ta je ta jingina da ja.
Na gangara gindin ɗorawa na kashe,
injin na ƙyas-ƙyas kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Oga Lamela, can bayan Tashar Dukku,
bai fara da sifana ba.
Ya zaro sandar mai, ya murza a yatsa:
"Da ya koma shayi mai madara, da gaskit ya ƙone.
Naka baƙi ne wuluk, gode wa Allah."
Ya tara tafi a bakin salansa, ya sansana,
babu farin hayaƙi, babu zaƙi-zaƙi.
Ya shafa dardumar ƙafar fasinja, a bushe.
Ya matsa tiyo ɗaya bayan ɗaya
kamar mai zaɓen rake.

Daga nan ya ɗura wa lagireto iska,
ya ce mu zauna.
Muka zauna. Yaronsa ya sayo gyaɗa.
Muna ɓara, muna kallon ƙarfe,
har wani ɗigo ya tsatso a gindin famfon ruwa,
ya bi wani farin sawu mai kama da kanwa
wanda ya daɗe a wurin, ido ne bai kai ba.

"Ka gani? Sai ta yi zafi take kuka,
zafin kuma ya shanye hawayen
kafin su iso ƙasa."

Ya shiga, ya murɗa makulli, yana ƙirga fitilu.
"Akwai wadda ba ta gaishe ni ba."
Ya sa farce a gilashin, ya kankare,
baƙin salatif ya ɗago,
jar fitila ta buɗe ido a ƙarƙashi.
"Wa ya rufe mata baki?"

Na san wa.
Mutumin da ke kwana da jarkar ruwa a gefen katifa,
ya fita zagaye sau biyar kafin kiran assalatu,
ya huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa,
in ka yi magana ya ce, "Zafin Gombe ne kawai."
Mun ga tururuwa na taruwa a makewayi.
Mun gani.
Muka riƙa yi masa ciko:
fura, dariya, "ka dai riƙa hutawa."
Ba mu taɓa samun ɗigo a kan kwali ba,
har ran da allurarsa ta jingina da ja.

Na biya kuɗin famfo, ban nemi ragi ba.
Salatif ɗin ya biyo ni gida manne a babban yatsa,
na yarfe, ya ƙi.

Yanzu in na murɗa makulli
takan kunnu, ta dube ni, ta mutu da kanta.
Laraba uku ruwa bai motsa ba.

Ni ne dai kwanan nan nake tashi sau biyu cikin dare.
Na gaya wa Dija kada ta dama mini koko gobe.
An ce da yunwa ake zuwa,
a miƙa yatsa,
a zauna a jira.