Igiya Biyu

A Ƙofar Ruwa, inda babu ruwan sai suna,
na tsaya a rumfar Malam Ɗanliti
da dubu goma sha takwas a aljihu
da aikin da ke jirana gobe da hantsi.
Fitilar kan ƙarfen sabis na Kurna ta mutu,
ƙafa ɗari da ashirin daga ƙasa,
Tasi'u kuwa, mai riƙe mini igiya,
ya karɓi A Daidaita Sahu,
ya ce wuyansa ya gaji da kallon sama.

Na ɗauki ɗamara mai launin lemo.
Malam ya karɓe, ya juya cikinta,
ya sa farce a ɗinki, zare ya tashi.
Ya ce, wannan rana ta sha ta a Ikko
kafin ta hau tirela ta zo nan.
Tana da kyau ga mai ɗaure akuya.

Shi ma ya yi Ikkon, shekara tara,
yaron jirgin wani Balarabe,
irin jirgin da iska ke turawa da ƙyalle.
Ya ce sandar tsakiya ta fi giginya tsawo,
ga ta tana rangaji,
kai kana sama, ruwa na lilo da kai,
wanda za ka kira yana barci a gari.

Ya ce, mai hawa shi kaɗai
igiya biyu yake saye.
Ɗaya ta aiki, ita ke shan guminka,
ɗayar tana gefe, ba ka jin duriyarta,
kana ganin asarar kuɗi ce
har ranar da ta farkon ta ce ta gaji.

Na taɓa ƙugiya mai ɗana kanta, ƙyas.
Ya girgiza kai.
Abin da ya rufe da sauri haka
da sauri yake buɗewa.
Ɗauki mai murfin murɗawa,
ta ɓata maka lokaci, ta bar maka ƙashinka.

Sai ya zaro guntun igiya siririya,
ya naɗe ta sau uku a jikin babbar,
ya ce, tura. Na tura, ta zame.
Ya ce, fizga. Na fizga, ta cije
kamar kare ya samu ƙashi.
Wannan ƙullin bai karɓi ko sisi a kansa ba.

Sifana ma, in ji shi, a ɗaure ta da zare,
akwai 'ya'yan mutane a ƙasa.
Kuma tun kana tsaye a kan turɓaya
ka san yadda za ka sauko,
don hawa kowa gwani ne.

Kuɗina bai kai ba.
Ya rubuta dubu shida a bayan kwalin sigari,
ya ce, ka ga yanzu dole ka dawo.

Da la'asar na rataya a darbejiyar ƙofar gida,
ƙafata kamu biyu daga ƙasa,
ina lilo, ina sauraron kukan ɗinki.
Ummita ta yi ta dariya har da faɗuwa.
Uwarta ba ta yi ba,
ta shafa igiyar tun daga kai har gindi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Yanzu ga ni, shirwa na shawagi ƙasa da ni.
Dala ta zama curin tuwo,
rufin kwano na ƙyalli har Fagge,
hadari na haɗa kai ta gabas.
Iska ta taɓa ƙarfen, ya ɗan rausaya,
na ji jirgin Malam a ƙarƙashin tafina.
Na ɗaura sabon ƙwai, ya kama, ja.

Igiya ta biyu tana nan a kafaɗata,
ba ta yi aikin komai ba yau.
Allah sa ta tsufa a haka.