Kwaɗo Goma Sha Ɗaya

Shekara tara ina gadi a Ikeja,
ɗakin bakin ƙofa bai fi shimfiɗa biyu ba,
amma duk mai tafiya gida sai ya biyo:
"Tanimu, riƙe mini wannan, sai bayan Sallah."
Buhu kan buhu, keken ɗinki, tsohuwar rediyo,
har na koma barci a zaune kamar mai jiran mota.
Nan na gane ciwon Ikko:
mutum na da kaya, ba shi da inda zai sa.

Na fasa asusu, na sayar da maraƙi biyu ta waya,
na kama tsohon siton goro a Agege,
bayan layin dogo, inda jirgi ke girgiza bango.
Mai gida ya ce kuɗin shekara biyu.
Dillali ya ci, lauya ya ci,
samarin layi suka zo da nasu bakin,
wai ita ma ƙasa tana da 'ya'yan da ake gaisarwa.

Kolawole mai walda ya yanka cikin siton goma sha ɗaya.
Sha biyu muka so, ƙarfe ya ƙare.
Na sayo shuɗin fenti, na rubuta da hannuna:
AJIYA. KWAƊONKA, MAKULLINKA.
Wata guda ba wanda ya leƙo sai ɓera,
shi ma bai tambayi farashi ba.

Ta farko Iya Morenike,
ranar da mai haya ya zubo mata kaya waje,
katifa a ka, tukwane a zane, hoton miji a hammata.
Ta dube ni daga hula har silifa,
ta ce, da Hausarta ta Agege,
"Ba dai kura na ba ajiyar nama ba?"
Na ce, Iya, makulli na wuyanki,
ni idona kawai kika haya.

Sai Obiora da kwalayen fanka.
Sai Ɗanlami da babur ɗin da aka hana hawa titi,
ya shafa tankin kamar goshin ɗansa,
ya ce wata uku.
Yau wata takwas, lambarsa a kashe.
Kolawole ya ce kawo zarto, bashi ya fi babur.
Na ɗauki zarton, na tsaya, na mayar.

Damina ce ta yi mini jarrabawa.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo:
lamba huɗu, kusurwar gabas.
Amma ran nan ta ƙasa ruwa ya zo,
kwata ta yi amai, ta shigo ba sallama,
kwaɗi na rataye a ƙofa, kwaɗi na kuka a ƙasa,
ni da bokiti har kiran assalatu.
Katifar Iya ta sha. Na biya, ban yi musu ba.
Washegari na sayo katako, na ɗaga kowane daɓe taki guda.

Jiya da magariba wani saurayi ya tsaya,
leda ɗaya a hannu, ƙurar Oshodi a ƙafa.
Ya karanta allon sau biyu, ya ce,
"Baba, nawa ne in ajiye kaina?"

Na ce doka ta hana, ba taga, ba iska,
ɗakunan nan na kaya ne, ba na masu rai ba.
Ya kalli ƙofofin nan a jere,
fanka na kwance a bushe, babur na da rufin asiri.
Bai ce komai ba.

Na matsa masa a kan bencina,
nan nake kwana ni ma, tsakanin lamba biyar da shida.
Jirgin dare ya wuce, kwaɗunan suka kaɗa,
ƙamshin goro ya taso daga bango.
Da safe zan ba shi tsintsiya.