Muryar Norris

Shekara arba'in da ɗaya ina auren ƙara.
A Whitby kowa kan ji Norris kafin ya gan shi.
Muryarsa kan riga shi saukowa daga jirgi,
ta biyo iskar teku, ta haye matakalar coci,
ta iske ni ina shanya a bayan gida.

Turancinmu bai yi wa ihu rowar suna ba.
Suna nan birjik kamar ƙugiyoyin akwatinsa,
kowace da kifin da take kamawa.

Shout shi ne na kullum, gishirin miya.
Ba fushi a cikinsa, nisa ne kawai ya jawo shi,
da shi ake ce wa na wancan jirgi ya miƙo igiya.
Yell kuwa yana da yaji.
Shi ya watsa wa Glenys tana 'yar shekara tara,
ranar da ta kwance ɗauri
kwalekwale ya tafi yawonsa ba kowa a ciki.
Ita kuma ta rama da bawl,
kukan yaro, baki wangame, majina har haɓa.

Amma nasa na kansa bellow ne,
na bijimi, wanda ba a maƙoshi ake haifarsa ba,
daga ƙasan cibiya yake tasowa,
kofuna su yi rawa a kan kanta.
Ran Asabar a filin ƙwallo sai ya zuba shi cikin na jama'a,
su dunƙule su zama roar.
Wannan an aro shi ne daga zaki,
kuma ya fi daɗi a bakin mutum dubu.

Scream nawa ne. Sau ɗaya na yi shi.
Daren hadari, ina bakin gaɓa ina ƙirga fitilu,
shida, bakwai, ta takwas ba ta ɓullo ba.
Ban san daga ina ya fito ba,
sai dai na ji shi a kunnena kamar na wata.
Da asuba Norris ya dawo jiƙe sharkaf yana neman shayi.
Maƙwabciyata Hilda har ta mutu tana musu
wai shriek na yi.
Na ce a'a. Shriek siriri ne, gajere,
na tsuntsayen teku ne da mai ganin ɓera a kicin.
Howl kuwa mun bar wa iska da karnuka,
sai wanda aka yi wa rasuwa, shi ma a cikin ɗaki.

Mijin jikarmu, Ba'amurke, holler yake cewa.
Norris ya ce wannan ihu ne mai sanye da malafa.

Bara likitoci suka cire masa maƙogwaro.
Yanzu ina jin agogo. Ashe muna da agogo.
Ina jin famfo yana ɗiga,
ina jin alli yana tafiya a kan ɗan allonsa.

Jiya a bakin ruwa Tansy ta tsinke
ta bi tsuntsaye har ta zama ɗigo.
Na ga ya cika ƙirji, ya buɗe baki.
Iska ce kawai ta fito.

Ya taɓa hannuna, ya rubuta shout.
Ya dube shi, ya goge da bakin riga,
ya rubuta bellow, ya ja layi biyu a ƙasa.
Na tattaro duk abin da ke cikina na saki.
Karyar ko waiwaye.

Kafaɗunsa suka hau rawa, hawaye na zuba don dariya.
Ya sunkuya kan allon, ya juyo mini da shi:
Edna, wannan squeak ne, kukan ɓera.
Sake.